Amsa: In bar Jos in koma Abuja da manhajata?

Malam, ka tambaya ko ka tattara ka koma Abuja da manhajarka ta cinikin dankalin Turawa. Ni dai ban ba ka shawarar komawa ba tukuna. Manoman suna Bokkos da Mangu, dillalai suna kasuwar Farin Gada a Jos, wa za ka samu a Wuse? Na yi shekara biyu a can, haya da kuɗin mota suka cinye rabin jarina, har yau abin yana min ciwo. Kuɗin nan gara ka sa sola da batir.

Ka yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, sannan ka nemi shaidar da dokar sababbin kamfanonin fasaha ta 2022 ta tanada. Ta intanet ake cikewa. In taro ya taso a Abuja, ka bi motar asuba, ka kwana ɗaya ka dawo.