Matan zanen katako na Japan: daga kimono zuwa rigar Turawa

Tambaya: Malam, na ga tsofaffin zane-zanen Japan da ake bugawa da katako. A wasu, mata na sanye da kimono, rigarsu ta gargajiya, a wasu kuma da rigunan Turawa har da hula. Shin haka matan ƙasar suka sauya sutura da gaske?

Amsa: Malama, an sauya, amma bai kai yadda zanen ya nuna ba. Wannan zane, ukiyo-e, hajar kasuwa ne. Mai zane ya zana, masassaƙi ya sassaƙa, kowane launi da katakonsa, mai bugu ya buga ɗaruruwa. Abin da zai sayu shi ake bugawa.

A zamanin mai zane Utamaro, wanda ya rasu a 1806, matan gidajen shaƙatawa na unguwar Yoshiwara a birnin Edo (Tokiyo ta yau) su ne taurari. Bayan 1868, da mulki ya koma hannun Sarki Meiji, hukuma ta ƙudiri nuna wa Turawa cewa Japan ta waye. A 1873 matar sarki ta daina tsohuwar al'adar baƙanta haƙora da aske gira, a 1886 kuma ta fara fita da kayan Turawa. Nan da nan mai zane Chikanobu da ire-irensa suka cika kasuwa da zanen matan fada cikin riguna masu tudu ta baya, ja da shunayya har suna kashe ido, domin rinin sinadari ne daga Turai. A wani zanen Adachi Ginko na 1887, manyan mata ne ke ɗinka irin rigunan da keken ɗinki. Sai dai 'yan tsiraru ne. Matar manomi tana nan da kimononta.

Yayin ma bai daɗe ba. Zuwa 1896 Chikanobu da kansa ya koma zana matan tsohuwar fadar shogun, wato shugaban soja mai mulkin Japan kafin Meiji. Da mawallafin zane Watanabe Shozaburo ya farfaɗo da sana'ar wajen 1915 bayan ta ja baya, yawancin cinikinsa da Amurkawa da Turawa ne, su kuwa mace mai kimono da sunkuyar da kai suke nema.

Shi ya sa zanen Kobayakawa Kiyoshi na 1930 ya fi burge ni: budurwa ta yanke gashi, sigari a hannu, kofin giya a gabanta, tana kallon mai kallo ido cikin ido. Irinta ake kira moga, wato budurwar zamani, a Tokiyo ta lokacin.