Motocin Ɗaukar Amarya

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce abokanka sun kafe sai an jera motoci goma ranar ɗaukar amarya, wai haka al'ada ta gada, kai kuma kuɗin mai ya tsaya maka a rai. Kana tambaya ko rage su zai zama cin fuska ga surukanka.

To bari in gaya maka, jerin gwanon nan ko girmana bai kai ba. Da muna 'yan mata a cikin birni, da ƙafa ake kai amarya, bayan sallar isha. Mahaifinta ya yi mata nasiha, a lulluɓe ta, gwaggonni da innoni su sa ta a tsakiya, wata ta riƙe fitilar ƙwai a gaba, 'yan mata na waƙa, ana rangaɗa guɗa har ƙofar gidan miji. In garin da nisa, a ɗora ta a kan doki, a sami mai jan linzami. Kayan ɗaki kuwa a ka ake ɗaukarsu, fanteka bayan fanteka. Abin da dangin miji ke dubawa shi ne su wa suka kawo ta. In babu babbar gwaggo a cikin 'yan rakiya, nan ne ake tsegumi.

Motoci sun shigo ne da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da gwamnati ta yi wa ma'aikata, wajen 1975, shekarar da aka fara haɗa Peugeot a Kaduna. Lokacin litar fetur ba ta kai kobo 20 ba, ma'aikaci ya cika tanki bai ji a jikinsa ba. Sai aka fara gasa, gidan wane motoci biyar, to mu sai bakwai. Yaran da aka haifa a cikin wannan suka ɗauka tun kaka da kakanni haka ake.

Yanzu fa? Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 ta wuce 1,000. Kuma ka san yadda abin yake: duk abokin da ya kawo mota, kai zai kalla ka zuba masa mai, wani ma sai an tsaya wurin 'yan bumburutu a hanya. Rabin motocin mutum biyu ne a ciki.

Hayaƙin ma ya fi damuna. Ka taɓa tsayawa a bakin lungu da hunturu, motoci sun cushe, kowa ya bar injinsa a kunne ana jiran amarya ta gama kuka? Hazo ya danne hayaƙin salansa, ba ya tashi sama, a nan yake kwanciya daidai hancin yara da masu tuyar awara. Mai asma ranar sai dai ya shige ɗaki. Masana sun ce kowace lita ɗaya da aka ƙona tana sakin fiye da kilo 2 na iskar da ke ƙara wa duniya zafi, mu kuwa da muke shan zafin bazara ba ma neman ƙari. Ban ma kawo zancen samarin da ke wasa da mota a kan titi ba, Allah dai Ya kiyaye.

Ga shawarata. Ka samo mota ɗaya mai kyau ta amarya da ƙawarta da dattijuwa guda, sai bas ɗaya ko biyu ta 'yan rakiya. Amma kada ka yanke kai kaɗai, su ji daga sama. Ranar Juma'a ni da Innarka za mu je mu gaida uwar yarinyar, mu tambaye ta mutum nawa za su rako, a lissafa kujeru da su. In akwai tsohuwar da ba ta iya hawa bas, ka sa ƙaninka ya ɗauko ta daban.

Kuɗin da ya ragu ka ajiye na sayen baki, don ƙawayen amaryar nan na ji an ce ba su da sauƙi. Ka gaida mahaifinka.

Gwaggonka