Kafin ka sa kuɗinka a ramin zinariya na Cibarakaten

Wani ɗan kasuwa daga Damagaram ya aiko da tambaya: an yi masa tayin hannun jari a wani rami a Cibarakaten, can arewa da duwatsun Azbin kusa da iyakar Aljeriya. Hujjar masu tayin ita ce ramin da ke maƙwabtaka da shi yana ba da zinariya sosai. Ya shiga ko ya haƙura?

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Wannan hujja ita ce ta fi damuna, domin zinariyar wurin ba shimfiɗe take a ƙasa kamar tabarma ba. Tun zamanin da duwatsun suka tsattsage, ruwa mai tsananin zafi ya biyo tsagar daga ƙarƙashin ƙasa, ya huce, ya bar farin dutse mai ƙyalli da zinariya a cikinsa. Shi ne masu haƙa ke kira jijiya. Tana iya zama siririya, ta karkace, ta kumbura a nan, ta tsuke a can har ta ɓace. Maƙwabcinka na iya zama a kanta, kai kuwa kana taku 10 a gefe kana fasa dutsen banza. Kada kuma a ruɗe ka da labarin Jado, can arewa maso gabashin Nijar, inda a 2014 aka riƙa tsintar ƙwayar zinariya a sama-sama da na'urar gano ƙarfe. A Cibarakaten sai an nutsa ƙasa.

Saboda haka ka je da ƙafarka, ko ka aika wanda ka yarda da shi. A nuna masa inda jijiyar ta dosa. Ya ɗebo dutse da hannunsa daga wurare dabam-dabam na ramin, ba wanda aka zaɓo aka ajiye masa ba, a niƙa, a wanke a gabansa, a ga giram nawa buhu ke fitarwa.

Sai maganar azurfa, wadda 'yan kasuwa ke mantawa. Zinariya kan fito gauraye da ita, kuma gwargwadon yawanta, launin zai yi fari-fari, farashi ya sauka. Karat 24 ne tsantsa. Karat 18 kuwa kashi 75 cikin 100 ne kawai zinariya. A gwada kafin ka yi lissafin riba.

Daga abin da ya fito ka cire kuɗin ruwa, man janareta, abincin ma'aikata, dakon dutse zuwa injin niƙa, da kason mai rami. Ka kuma nemi ganin takardar izinin haƙa. In suka ƙi a ɗebi dutsen gwaji, Alhaji, riƙe kuɗinka. Da ni ne, da wannan jarin zan fara kai wa mahaƙan ruwa da mai da kayan abinci, in yi wata 6 ina kallon ramin da ke biyan bashinsa.