Kafin ka haɗa Windows da Ubuntu a kwamfuta ɗaya

Yarona, ka tambaye ni yadda ake ɗora Windows da Ubuntu, wata manhajar tafiyar da kwamfuta irin Windows, a kan kwamfuta ɗaya, mai ita ya riƙa zaɓar wadda yake so a lokacin kunnawa, saboda wani ɗalibi daga Samaru ya kawo maka laftof ɗinsa. Ba zan tsaya koya maka zuba Ubuntu a filashi da Rufus, manhajar da ake wannan aikin da ita, ba, domin wanda bai iya wannan ba bai cancanci zama a shagona ba. Ka dai riƙe cewa Windows ake fara sakawa, sannan Ubuntu ta biyo baya da GRUB, allon da ke nuna zaɓin, kuma idan Windows tana kan UEFI, sabon tsarin tayar da kwamfuta, to ita ma Ubuntu a kansa za ka ɗora ta, in ba haka ba ɗaya ba za ta ga ɗaya ba.

Abin da ya sa na amsa maka shi ne BitLocker, makullin da Windows ke rufe rumbun ajiya da shi, wanda sababbin kwamfutoci kan zo da shi a kunne ba tare da mai su ya sani ba. Da zarar ka taɓa saitin kunnawa ko ka sauya yankunan rumbun, sai ya ɗauka ɓarawo ne, ya nemi lambar ceto mai alƙaluma 48.

Wani mutum ya taɓa zuwa mini a Sabon Gari, da babbar riga da ƙamshin turare, ya ce bincikensa yana buƙatar Ubuntu. Na tambaye shi ko ya kwafe takardunsa, ya rantse ya kwafe. Na tambaye shi lambar ceto, ya ce tana gida a rubuce. Na gama aikina tsaf, Ubuntu ta tashi lafiya, amma da na koma Windows sai shuɗin allo ya tare ni yana neman lambar. Na mayar da saitin yadda na same shi, abin da wani lokaci kan wadatar, a ranar ya ƙi. Ashe kwamfutar ta hannu ya saya, kuma lambar tana cikin asusun Microsoft na wanda ya fara mallakarta. Washegari ya dawo da wani ɗan'uwansa mai kaki, ya tara mini jama'a a ƙofar shago, yana cewa na kulle masa aikin shekaru, ya kuma musanta duk abin da ya faɗa mini. Ba ni da takarda, ba ni da shaida, dattawan layinmu suka ce in yi haƙuri in biya, na biya kuɗin da na tara don sayen janareta. Daga baya wani abokin sana'a a Tudun Wada ya ba ni labarin mutumin ya kai masa filashi cike da takardun nan da ya ce sun salwanta, yana so a buga masa. Har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci.

Saboda haka kada ka taɓa komai sai ka ga lambar da idonka, ka dakatar da BitLocker daga cikin Windows, ka kwafe kayan ɗalibin da hannunka, ya kuma sa hannu a takarda. Ku yaran yanzu kuna ganin bidiyon minti biyar a YouTube ya mayar da ku injiniyoyi, ga gaggawa kamar mai gudun ruwan sama.

Ka rage yankin Windows daga cikinta, ka bar wa Ubuntu fiye da gigabait 25 da take buƙata, kuma kada ka fara da mataccen batir a garin da wuta ke ɗaukewa ba sallama. Ka kashe saurin kunnawa na Windows, domin ba ya barinta ta mutu gaba ɗaya, sai Ubuntu ta kasa rubutu a yankinta. Idan kuma ɗalibin ya dawo yana ƙorafin agogo ya koma baya da awa ɗaya, kada ka sayar masa da batirin agogo. Ubuntu tana ajiye lokacin duniya ne, Windows kuma lokacin gida, mu kuwa muna gaban lokacin duniya da awa guda, sai ka saita Ubuntu ta bi lokacin gida.