Ɗana Ya Nace Wa Fiyano, Ko Za Ta Riƙe Shi?

Tambaya: Malam, ɗana mai shekara 16 ya koyi kiɗan fiyano da kunne a wani sutudiyo a Jekadafari, yanzu ya ce ita ce sana'arsa. Tana da karatu ne? Kuma ana cin abinci da ita? Daga wata uwa a Gombe.

Amsa: Hajiya, tana da karatu, mai tsawo ma kuwa. Kunne baiwa ne, amma mai kunne kaɗai sai abin da ya taɓa ji yake kaɗawa. Sai ya koyi karanta rubutun kiɗa, a ajiye masa takarda ya kaɗa nan take. Jarrabawar ABRSM, wato hukumar jarrabawar kiɗa ta Ingila, mataki 8 ce, yawanci kowane mataki kan ci kusan shekara. Akwai makarantar koyon kiɗa ta MUSON a Legas, Jami'ar Nsukka kuma tana ba da digiri a fannin.

Galibin fiyanon sutudiyo maɓalli 61 gare su, masu laushi. Cikakkiya 88 ce, kuma sai yatsu sun yi ƙarfi. Ki nema masa ta lantarki mai maɓallai masu nauyi. Ta katako kam ban ba ki shawara ba: iskar hunturu na busar da katakon, wayoyinta sama da 200 su saki, mai saita su kuwa sai an tona.

Batun abinci, kada ya sa rai da zama shi kaɗai a dandamali ana tafa masa, wannan ko a Turai 'yan ƙalilan ke samu. Koyarwa a makarantu da gidaje ita ce ta cefane. Amma inda na fi ganin rufin asiri shi ne rakiyar mawaƙa, a sutudiyo, a wurin biki, ko a ƙungiyar mawaƙan coci irin na Billiri da Kaltungo. Aiki ne irin na mai kalangu a bayan mawaƙi: idonka na kan kafaɗarsa, kana jin inda zai ja numfashi. Ya tashi da mura muryar ta ƙi hawa, ka sauko da kiɗan ba tare da kowa ya lura ba. Ya tsallake baiti, ka bi shi kamar dama haka aka shirya. Yara masu saurin yatsu da yawa nan suke faɗuwa, don suna son a ji su.

Ki gwada shi a gida. Ki sa wani ya rera waƙa shi kuma ya raka, ki saurara ko kina jin kalmomin ko kiɗan ya danne su.