Amsa: Me ya sa wasu gwamnatoci ba sa jin tsoron katse intanet?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa wata gwamnatin kama-karya ke rufe intanet ba ta ko waiwaye, wata kuma sai ta yi ta ɗari-ɗari. A ganina, ka fara duba inda kuɗinta ke fitowa.

Gwamnatin da ke cika baitulmali da man fetur ko iskar gas ba ta jiran harajin ɗan kasuwa. Ko an rufe layi, rijiyar mai ba ta tsayawa. Dubi Turkmenistan, mai arzikin gas, tana cikin ƙasashen da suka fi matse intanet a duniya. Iran ma a Nuwamba 2019 ta katse shi kusan mako guda lokacin zanga-zangar ƙarin kuɗin fetur.

Wadda kuwa ta dogara ga haraji, kwastan da 'yan yawon buɗe ido, idan ta rufe, aljihunta ta huda. Masar ta rufe a Janairu 2011, kwana biyar ta buɗe, duk da cewa ba kuɗi kaɗai ya sa ba.

Mu nan Maraɗi mun ɗanɗana. Bayan zaɓen shugaban ƙasar Nijar na Fabrairu 2021 intanet na salula ya ɗauke kusan kwana goma, masu cinikin kaya da Katsina da Kano ta WhatsApp suka sha wuya. Shi ya sa nake damuwa: yanzu da man fetur na Agadem, a gabashin Nijar, ke fita ta bututun Benin, kuɗin da ba su biyo ta hannun talaka ba suna ƙaruwa, kuma wa zai tilasta a saurare shi?