Hukuncin ɗan koyo ya shiga gasar kamun kifi tare da ƙwararru

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne, kamun kifi da fatsa sha'awa ce kawai nake yi ranakun hutu. Akwai gasar da ake haɗa irinmu da ƙwararru: a yi ƙuri'a, a sa kowane ɗan koyo a jirgin ƙwararre ɗaya, shi yana gaba yana tuƙi, mu muna baya. Kowa yana biyan kuɗin rajista, wanda kifinsa ya fi nauyi a sikeli ya ɗauki kyauta. Wani abokina ya ce caca ce, wani kuma ya ce asarar kuɗi ce tunda ba zan taɓa cin ƙwararru ba. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, shi kamun kifi halal ne da nassin Alƙur'ani, domin Allah Ya ce a Suratul Ma'ida, aya ta 96, an halatta mana farautar ruwa da abincinsa. Kasancewarka ɗan koyo a cikin ƙwararru ma ba laifi ba ne. Bukhari ya ruwaito daga Anas cewa Annabi (SAW) yana da taguwa mai suna Adba'u wadda ba a tsere mata. Sai wani Balaraben ƙauye ya zo a kan ɗan raƙuminsa ya wuce ta. Abin ya yi wa Sahabbai nauyi, amma Annabi (SAW) bai hana mutumin ba, bai kuma ce ba sa'arsa ba ce. Cewa ya yi haƙƙi ne a kan Allah, babu abin da zai ɗaukaka a duniya face Ya ƙasƙantar da shi. Saboda haka maganar abokinka na biyu shawara ce, ba hukunci ba.

Inda gizo yake saƙar shi ne kuɗin rajistar nan: ina yake tafiya?

Idan masu shirya gasar suna tara abin da kuka biya, su cire nasu, ragowar su raba wa waɗanda suka ci, to wannan caca ce, ko an kira ta gasa, ko an kira ta wasan motsa jiki. Ma'aunin malamai a nan ɗaya ne: kowane ɗan takara ya shiga yana tsakanin ya ci kuɗin wasu ko wasu su ci nasa. Wannan shi ne maisir ɗin da Allah Ya haɗa shi da giya a aya ta 90 ta surar da muka ambata. Wasu suna cewa ai ƙwarewa ce take ci, ba sa'a ba. Wannan ba ya canza komai, domin abin da ya haramta shi ne cin dukiyar mutane ta wannan hanya. Tseren dawaki ma ƙwarewa ce, kuma yana cikin abubuwa uku da hadisin Abu Huraira, wanda Abu Dawud da Tirmizi da Nasa'i suka ruwaito, ya yarda a sa musu kyauta: harbin kibiya, tseren raƙuma da tseren dawaki. Duk da haka Shehu Khalil ya faɗa a Mukhtasar, littafinsa na fiƙihun Malikiyya, cewa idan masu tseren biyu kowa ya fitar da kuɗi don wanda ya ci ya kwashe, bai halatta ba. In an hana wannan a doki, wanda nassi ya ambata, ina ga kifi?

Kuma a irin gasarku abin ya fi muni. Ƙwararre sana'arsa ke nan. Yana da jirgi mai inji da na'urar da take nuna masa kifi a ƙarƙashin ruwa, ya kuma yi kwanaki yana zagaya tafkin kafin ranar gasa, ya san inda kifi yake kwanciya da safe da inda yake komawa in rana ta take. Kai kuwa ka zo da sandarka da akwatin ƙugiyoyinka. Idan kyauta daga aljihunku take fitowa, 'yan koyo masu yawa su ne suke ciyar da ƙwararru kaɗan. Malaman fiƙihu sun shar'anta a tsere mai kyauta cewa kowane ɗan takara ya kasance zai iya ci, kuma Sunna ta nuna rabewa: Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Umar cewa Annabi (SAW) ya sa dawakin da aka horar sun yi tsere daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, waɗanda ba a horar ba kuma daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ. Sufyan, ɗaya daga cikin masu ruwaito hadisin, ya ce tazarar farko mil biyar ce ko shida, ta biyu mil ɗaya. Gasannin da suke ware 'yan koyo a rukuninsu, a auna kifinsu da na junansu, sun fi kusa da adalci. Sai dai rabewar ba ta halatta kuɗin da aka tara daga masu takara.

Idan kuwa kyautar wani ne daban ya bayar, kamar hukuma ko kamfanin da ya ɗauki nauyin gasar, kuɗin rajistarku kuma ya tsaya a kan hidima ta gaskiya, irin su izinin shiga ruwa, masu ceto da masu awo, to babu caca. Magabata sun yi saɓani a kan kyauta a abin da ba ukun nan ba. A sharhohin Mukhtasar an kawo magana biyu, halasci da karhanci, game da wanda ya ba da kyauta don raɗin kansa ga masu kokawa ko masu tseren ƙafa. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Doha a 2003, ta halatta gasa mai kyauta da sharaɗin manufarta da hanyoyinta su zama halal, kyautar kada ta fito daga dukkan masu takara, kuma kada ta kai ga barin wajibi. Ni wannan nake rinjayarwa. Amma ka tambaye su a fili, kada ka wadatu da ganin sunan kamfani a allon talla, domin sau da yawa kamfanin kaya yake bayarwa, tsabar kuɗin kuma daga rajista take. In an gauraya, hukuncin caca yana nan.

Akwai kuma ɗan asusun gefe da ake cewa wanda ya ga dama ya sa wani abu, mai kifi mafi girma ya kwashe. Wannan haramun ne ko da ita gasar ta tsarkaka. Amma abin da kake ba mai jirgi na kuɗin mai, wannan taimakekeniya ce a kan hidimar tafiya, babu komai. Ƙuri'ar haɗa ku ma halal ce.

Ka kiyayi algus a wurin awo, ko da mai jirgin ya nemi ka rufa masa asiri. A 2022, a wata gasa a tafkin Erie na Amurka, an farka cikin kifin da wasu mutum biyu suka kawo aka tarar da dunƙulen dalma. Kotu ta ɗaure su kwana 10, suka kuma rasa jirginsu. Hadisin Muslim ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu, kuma wanda ya gani ya sa hannu a takardar shaida ya shiga laifin.

Game da kifin kansa, Malikiyya sun karhanta farauta don wasa zalla. Idan za a ci kifin ko a ba mabuƙata, magana ta ƙare. Idan doka ce a sake shi da ransa don kada tafkin ya ƙare, akwai maslaha a ciki, sai ka cire ƙugiya a hankali, kada ka bar shi yana shure-shure a ƙasan jirgi don ɗaukar hoto. Wanda ya yi raunin da ba zai rayu ba, a ci shi ya fi a jefar, in dokar wurin ta bari.

Irin wannan gasa takan fara da asuba ta kai la'asar. Ka yi sallar Asuba kafin a tashi, Azahar kuma ka yi ta a jirgin kana fuskantar alƙibla, a tsaye in za ka iya, a zaune in kana tsoron faɗawa ruwa. In ranar ta faɗo Juma'a kuma Juma'a ta wajaba a kanka, gasa ba uzuri ba ce.

Wallahu a'alam.